'Yan Doka da 'Yan Sanda a Arewacin Najeriya

Masu rubuta tarihin rundunar 'yan sandan Najeriya ba su haɗu a kan shekarar kafa ta ba. Wasu sukan kama 1861, lokacin da Turawa suka ɗauki mutum 30 su yi gadin wakilin Ingila a Legas, wasu kuma 1888, da kamfanin Royal Niger ya girke dakarunsa a Lokoja. Shekarar 1930 ta fi cancanta, domin a cikinta aka haɗa rundunar Arewa da ta Kudu ƙarƙashin shugaba ɗaya. Waɗancan na farko sojoji ne a aikace, masu tsaron mulki da kasuwancin Turawa.

Sai dai talakan Arewa ya daɗe bai san wannan runduna ba. Wanda ya sani shi ne ɗan doka. Da yake Turawa ta hannun sarakuna suka yi mulki, sai suka bar wa dogarai aikin kamu, daga baya kuma, tun daga shekarun 1920, aka tsara 'yan dokan En'e, aka ba su kaki da albashi daga baitulmali. Su ke kama ɓarayi, su tsare kasuwa, su raka masu karɓar haraji da jangali, su gurfanar da mai laifi gaban alƙali. Shugabancinsu yakan faɗa hannun 'yan sarki. A Kano, Ado Bayero ya riƙe muƙamin Wakilin Doka kafin ya hau gadon sarauta a 1963. Wannan kusanci da fada shi ya zama musu tarko da siyasar jam'iyyu ta kankama. Bayan kafa NEPU a 1950, magoya bayan Malam Aminu Kano sun sha kamu da ɗauri bisa zargin yin lacca ba izini ko zagin sarki, alhali ɗan doka da alƙali da gidan yari duk na En'e ne. Saboda haka bayan juyin mulkin 1966 kwamitin Yusuf Gobir ya ba da shawarar rushe su, gwamnatin Gowon kuma ta shigar da su rundunar tarayya. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana kafa wata runduna daban, gadon wannan tsoro ne.

Masu neman 'yan sandan jihohi sukan ce ɗan doka ya san lungu da saƙo, ya san gidan kowane ɓarawo, ba kamar baƙon da aka turo daga nesa ba. Gaskiya ne, amma haka ya san gidan kowane ɗan adawa, kuma ba wanda zai tuhume shi sai mai aikensa. Gurbin da sarki ya bari, gwamna ne zai cike shi.

A 2020 sabuwar dokar 'yan sanda ta maye gurbin ta 1943, ta haramta kama mutum a madadin wani. Rundunar dai tana nan ɗaya.