Yadda sikeli ya shigo filin wasa: daga Atina zuwa Wagadugu

A shekarar 1896, lokacin da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a birnin Atina na ƙasar Girka, kokawa rukuni ɗaya ce tak. Ba a ɗora kowa kan sikeli ba. Haka Carl Schuhmann na Jamus, ɗan gajeren mutum, ya kayar da Launceston Elliot, zakaran ɗaga ƙarfe na Birtaniya, ya kuma lashe gasar. Sai a 1904, a birnin St. Louis na Amurka, aka raba 'yan kokawa da 'yan damben zamani gwargwadon nauyinsu.

Daga nan tsarin ya yi ta rassa. A yau matakai uku ne: babban wasa, reshensa, sannan gasar da ake ba da lamba a kanta. Wasannin ruwa, alal misali, sun ƙunshi ninƙaya da nutso da ƙwallon ruwa, kowanne da gasanninsa na maza da na mata. A Faris a 2024, wasanni 32 ne suka haifar da gasanni 329.

Wannan rabe-raben ne ya buɗe wa ƙasashenmu ƙofa. Issaka Daboré ya samo wa Nijar tagulla a Munik a 1972, a damben 'yan kilo 63.5; da a fili ɗaya aka zuba shi da ƙattai, da wuya a ji sunansa. Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo mata azurfa a Riyo a 2016, a tekwando na masu fiye da kilo 80. Mutanen Wagadugu kuwa, sai a Agustan 2021 suka ga lambar Olamfik ta farko ta Burkina Faso, lokacin da Hugues Fabrice Zango ya yi tsallen taku uku na mita 17.47 a Tokiyo. Gasa ɗaya ce cikin 48 na guje-guje da tsalle-tsalle, amma ta ishi ƙasa guda alfahari.

Kokawarmu ta gargajiya da nata tsarin. A gasar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, jiha ake wakilta, kuma ƙarami kan kama da babba. In ya kai shi ƙasa, makaɗa su cika fili da kirarinsa. Amma da kokawar ta shiga gasar ƙasashen Afirka ta Yamma ta CEDEAO da wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, dole ta karɓi sikeli.

Babu wanda zai so a raba kokawa da ganga da kirari. Sai dai duk mai fatan ganin kokawa da dambe na gargajiya a manyan wasannin duniya, ya san sharaɗin: rukunan nauyi a rubuce, alƙalai masu horo, da dokar da Kano da Yamai da Wagadugu za su amince da ita baki ɗaya. Wannan aiki yana kan hukumomin wasanninmu, kuma lokacinsa ya yi.