Gidan Koburg: sarautar da aure ya shimfiɗa

A farkon ƙarni na 19, Koburg ƙaramar masarauta ce a Jamus, ba ta da rundunar da za a ji tsoro. Amma abin da takobi bai ba ta ba, aure ya ba ta.

Yarima Leopold ne ginshiƙin wannan dabara. A 1831 ya zama sarkin Beljik na farko, a 1832 kuma ya auri Louise, ɗiyar sarkin Faransa Louis-Philippe. Yayarsa ce ta haifi Sarauniya Victoria ta Ingila, wansa Ernst kuma shi ne mahaifin Albert. Ke nan auren Victoria da Albert a 1840 auren zumunci ne tsakanin taubasai, ɗiyar mace da ɗan namiji. Wani ɗan gidan, Ferdinand, ya auri sarauniyar Portugal a 1836, wani kuma ya hau gadon Bulgariya a 1887.

Sai dai jini bai hana yaƙi ba. A 1914, jikokin Victoria biyu, George na Biyar na Ingila da Wilhelm na Biyu na Jamus, suka tsinci kansu a ɓangarori masu gāba. A 1917 George ya yar da sunan gidan kakansa saboda ƙyamar da jama'arsa ke yi wa Jamus, ya ɗauki sunan Windsor.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Tarihin Koburg ya nuna aure yana iya kai mutum gadon sarauta, amma ran da muradin ƙasa ya ci karo da dangantaka, dangantakar ce ke sunkuyar da kai.