Lester Piggott: Dogon da Ya Sayi Sirdi da Yunwa

Tarihinmu na wannan makon daga Ingila ya fito.

A sukuwar fili, wadda doki ba ya tsallake shinge, nauyin mahayi shi ne abokin gabarsa, shi ya sa galibin mahaya gajeru ne. Lester Piggott, haifaffen 1935, tsawonsa mita 1.73 ne, har ake masa laƙabi da Dogo. Don ya tsaya wajen kilo 53, shekara da shekaru ya hana cikinsa abinci, sai kofi da taba.

Yana ɗan shekara 12 ya ci sukuwarsa ta farko a Haydock, a 1948. Ya lashe gasar Derby ta Epsom sau 9, ya zama zakaran mahaya sau 11, sannan ya ajiye linzami a 1985.

Sai dai matsewar ba ta tsaya a ciki ba, ta kai aljihu. A 1987 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 3 kan ƙin biyan haraji, aka kuma ƙwace lambar girmamawarsa ta OBE. Ya yi kwana 366 a gidan yari. A 1990, yana da shekara 54, ya koma kan sirdi, kafin mako biyu ya lashe Breeders' Cup Mile a Amurka. Ya mutu a 2022.

Duk marubucin da ya tsallake gidan yarin nan don sakaya shi, ya rage wa dawowarsa armashi.

Sai mako mai zuwa.