Daga Gorar Eriya Zuwa Siririyar Waya: Waiwaye Kan Kallo a Gidajen Gindin Zuma

Duk wanda zai ba da tarihin kallo a gidajen Suleja da Madalla da sauran unguwannin da ke gindin Dutsen Zuma, da akwatin talabijin yake farawa: mai hoto baƙi da fari, sai mai kala, sai falleniyar nan ta yau da ake maƙalawa a bango. Ba a cika tunawa da wayar da ke bayan akwatin ba. Alhali kuwa shekara kusan hamsin ke nan ita ce mafi araha a kayan falo, kuma ita ke yanke hukuncin abin da ido zai gani. Ta sauya kama sau da dama, kowane sauyi kuma ya zo da sauƙinsa da nasa sharaɗin.

Zamanin gora da eriya

A Ibadan talabijin ta fara aiki a Najeriya, ranar 31 ga Oktoba 1959. Arewa ta samu tata a Kaduna a 1962, tashar Jos ta fara nuna hoto mai kala a 1975, sannan a 1977 aka haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA. Ana cikin haka ne, a 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zaɓi sabon babban birnin tarayya, ta kuma ƙirƙiro Jihar Neja. Garinmu ya ba da sunansa na Abuja, ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A nan ma'aikatan farko na hukumar gina sabon birnin suka yada zango, har yau ma akwai unguwar da ake kira Field Base. Albashi ya shigo gari, talabijin ta biyo shi.

Wayar wancan lokaci shimfiɗaɗɗiya ce, silin jan ƙarfe biyu gefe da gefe a cikin roba. A ɗaure bakinta ɗaya a eriya a saman doguwar gora, ɗayan a murɗa shi a kusoshi biyu na bayan akwatin. Da an kusa fara wasan Samanja, sai a tura yaro gindin gorar. Shi yana juyawa yana tambaya ta taga: "Baba, ya yi?" Daga ciki a ce: "Da saura, ƙara kaɗan. Tsaya nan! Kash, ka wuce."

Ba laifin yaron ba ne. Saƙon tasha a miƙe yake tafiya, ƙasarmu kuwa ta duwatsu ce. Idan ya bugi dutse ya dawo, sai ya iso a makare, mai karanta labarai ya fito da inuwarsa a gefe. Ita ma wayar ba ta da kariya: ruwan sama ya jiƙa ta hoto ya dushe, babur ya wuce layuka su bayyana, a tayar da injin niƙa a maƙwabta akwatin ya cika da yashi.

Maganin wannan ne ya kawo waya mai zagaye: sili ɗaya a tsakiya, farar roba ta lulluɓe shi, sai ragar ƙarfe, sai baƙar riga a waje. Ragar ce ke tare hayaniyar waje. Tun daga nan masu gyaran rediyo suka gane cewa ingancin waya yana cikin abin da ba a gani sai an fere ta.

Bidiyo ya shigo falo

Kamfanin Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976, kuma VHS ɗin ne ya ci kasuwa. Bidiyon farko da wayar eriya ake haɗa shi. Eriya ta shiga bidiyo, wata gajeriyar waya ta fita zuwa talabijin, sannan a yi ta laluben tasha wajen lamba 36 har fim ya bayyana. Wato sai na'urar ta cakuɗa hoto da sauti ta mai da su irin saƙon tasha, talabijin ta sake warwarewa. A wannan kai da kawo ake asarar kyan hoto, amma wa ya damu? Fim ɗin Indiya da na Chana sun shigo ɗaki. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, aka buɗe babin finafinan Hausa na bidiyo. Ranar 12 ga Disamba 1991 fadar gwamnati ta tare a Abuja, ma'aikatan da hayar birni ta fi ƙarfinsu suka cika Suleja da Madalla da Zuba, shagunan hayar kaset suka yawaita.

Daga nan sai waya mai kai uku, wadda kowa ya sani da AV: ruwan ɗorawa na hoto, fari da ja na sauti. Kawunan nata tsohuwar ƙirar kamfanin RCA ne na Amurka, tun wajen shekarun 1940. Raba hoto da sauti da ta yi ya gyara duka biyun. Talabijin na hannu da ake shigowa da su daga Turai kuma da yawansu da soket ɗin SCART suke zuwa, ƙirar Faransa mai fil 21, dole sai an nemo ɗan mahaɗin da zai karɓi kawunan nan uku.

Faifan VCD ya kori kaset, duk da hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. DVD ya zo da 720 da 576, ya zo kuma da waya mai kai biyar: kore da shuɗi da ja na hoto, fari da wani jan na sauti. Jajayen nan biyu sun rikita gidaje da yawa, a musanya su fuskar jarumi ta koma shuɗiya, sifika ta kama ƙugi. Ga kuma abin da 'yan kasuwa ke kira hom tiyata, sifiku biyar da babbar mai gurnani, kowace da tata wayar. Bayan kabad ya zama sarƙaƙiya, sai ƙura da yanar gizo.

Amma duk wayoyin wancan zamani suna da hali guda: sannu a hankali suke gazawa. Hoto ya yi dishi-dishi, a girgiza kai, a matse shi da filaya, a naɗa salatif, a ci gaba da kallo. Da lallaɓawa waya ɗaya sai ta shekara.

Kwano a kan rufi

DStv ta fara a 1995, StarTimes ta shigo da haɗin gwiwar NTA a 2010, GOtv ta biyo a 2011. Gidaje da yawa kuma suka juya kwanonsu ga tashoshin kyauta na tauraron ɗan'adam, musamman bayan da Arewa24 ta fara aiki a 2014. A nan waya mai zagaye ta dawo da sabon aiki. Ba saƙo kaɗai take saukowa da shi ba, ita ke kai wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18 daga dikoda zuwa idon kwanon. Shi ya sa masu haɗa kwano ke neman wayar RG6, wadda ta fi RG59 kauri. Nagari a cikinsu ba ya rabo da maganaɗisu a aljihu. Idan silin tsakiya ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma a doguwar tafiya wutar za ta ragu a hanya. Yakan kuma lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga bango, don ruwan damina ya ɗige a waje kada ya bi ta zuwa ɗaki. Wannan waya dai ba a nema mata siranta.

Waya ɗaya, sabon sharaɗi

A watan Disamba 2002 kamfanoni bakwai, cikinsu har da Sony da Panasonic da Philips da Toshiba, suka fitar da HDMI. Kai ɗaya mai fil 19 ya ɗauke aikin kawuna biyar, hoto da sauti duk a lambobin dijital. A 2009 aka ƙara masa hanyar da talabijin ke mai da sauti zuwa hom tiyata ta wannan wayar dai, wato soket ɗin da aka rubuta wa ARC. Su ma tashoshin ƙasa suka fara komawa dijital, Jos a Afrilun 2016, Abuja a Disambar shekarar.

Kayan da wayar ke ɗauka kuwa sai ƙaruwa suke. Hoton DVD ɗigo wajen 415,000 ne. Na HD cikakke ya haura miliyan 2, na 4K ya haura miliyan 8, wato ninki ashirin na DVD. Don haka aka yi ta faɗaɗa hanyar: gigabit 10.2 a daƙiƙa a 2006, 18 a 2013, 48 a 2017.

A nan ne halin waya ya canza. Ta dijital ba ta san lallaɓawa ba. Ko dai lambobin su isa cif hoto ya fito tangaran, ko a ga fararen ɗigo suna ƙyalli, allo ya ɗauke ya dawo, daga ƙarshe ya yi baƙi ƙirin ana tsakiyar wasan ƙwallo. Wannan na nufin abu biyu. Waya mai tsada, ko mai kan ruwan zinare, ba ta ƙara wa hoto kyau muddin mai sauƙin kuɗi tana isar da saƙo. Haka kuma wadda ta gaza, salatif ba ya cetonta.

Sai ga shi a daidai wannan lokaci ne aka ɗauke talabijin daga kan kabad aka kai ta bango, kowa kuma yana son falo fes ba waya na reto. Kasuwa ta amsa da sirara. A jikin kwalin wasu akwai lambar AWG, kuma a juye take: 24 ta fi 28 kauri, 32 da 36 su ne sirara sosai. Lamarin tamkar tiyon ban ruwa ne, siriri ya isa shukar bakin famfo, amma ba ya kai ruwa ƙarshen lambu. Daga dikoda zuwa talabijin, mita ɗaya zuwa biyu, siririya ta wadatar, ta ma fi, don ba ta rinjayar soket da nauyi. Daga mita biyar zuwa sama a nemi mai kauri. Idan tafiyar ta wuce mita goma, misali zuwa majigi a silin ko allo na biyu a gidan kallon ƙwallo, gara irin mai ɗan inji a kanta ko mai zaren gilashi. Waɗannan sirara ne kuma suna nisa, sai dai hanya ɗaya suke bi: kan da aka rubuta wa Source na dikoda ne, mai Display na talabijin. A juya su, babu hoto.

Mai shagon da ya san aikinsa a kasuwar IBB ba ya miƙo waya sai ya tambaya: "Alhaji, mita nawa ne tsakani? Talabijin ɗin 4K ce?" Idan 4K ce, a duba kwali a ga Premium High Speed, mai ɗaukar gigabit 18. Ultra High Speed mai 48 sai mai sabuwar na'urar wasan gem ko allon da ya fi haka.

Aikin bango

Babban kuskuren sababbin gidajenmu a wajen gini ake yin sa. Mai wayarin ya saba da bututun milimita 20 na wayar wuta, kan HDMI da robarsa kuwa faɗinsa ya kai wajen haka, ba zai wuce ba. Sai a ga an fasa sabon shafe, ko an binne wayar tsirara a siminti, ranar da ta lalace sai guduma. Abin da ya dace shi ne bututun milimita 32, ko aƙalla 25, mai kwana a sake ba mai kaifi ba, nasa daban da na wuta, a kuma bar igiyar ja a ciki. Kafin a zura waya a shimfiɗa ta a ƙasa a gwada ta da dikoda da talabijin ɗin da za ta yi wa aiki. A ja ta ta jiki, ba ta kai ba, kada kuma a karya ta a kwana. Idan bayan talabijin ya matse da bango, akwai ɗan mahaɗi mai gwiwa. Wadda za ta bi ta silin ma a sa ta a bututu saboda ɓera. Da damina kuma, idan hadari ya haɗo da tsawa, a zare filogi da wayar kwano duka, domin wutar da ta shigo ta kwano takan ratsa dikoda ta bi HDMI ta ƙona soket ɗin talabijin.

Daga 2002 zuwa yau an sabunta ƙa'idar wannan waya sau da yawa, za a kuma sake, bango kuwa sau ɗaya ake gina shi. Don haka, mai gini a Suleja ko Madalla ko Kwamba, kafin magini ya ɗauki cokalin shafe, ka zaunar da shi da mai wayarin, ku tsai da inda talabijin za ta zauna, a sa faffaɗan bututu da igiyarsa. Kuɗin bututun bai kai na buhun siminti ɗaya ba.