Fim ɗin da ya kuɓuce wa masu shi

Jama'a, in an gama jarrabawa ku nemi Charade na 1963. Audrey Hepburn ce a Paris, an kashe mijinta, tsofaffin sojoji uku na farautarta kan dala 250,000, wani na cewa shi jami'in CIA ne, shi kuwa Cary Grant da ta faɗa sonsa sunansa har huɗu. Ga ban dariya, ga faɗuwar gaba.

Amma tarihinsa ya fi labarin daɗi wallahi. Dokar Amurka ta lokacin ta wajabta sa alamar haƙƙin mallaka a jikin fim. Kamfanin Universal ya rubuta sunansa da shekara, ya bar alamar. Tun fitowarsa fim ɗin ya zama na kowa a Amurka, shi ya sa yake birjik a YouTube. Kiɗan Henry Mancini ne ya tsira da haƙƙinsa.