Asalin Salon Maganar Turanci "Hobson's Choice"

Daga cikin salon maganar Turanci da ke ba ɗalibanmu wuya wajen fassara akwai "Hobson's choice", watau zaɓin Hobson. Sau da yawa akan mayar da shi "gaba kura, baya sayaki". Wannan fassara ba ta yi daidai ba, kuma tarihin maganar ne zai nuna dalili.

Thomas Hobson mutumin Kambirij ne a ƙasar Ingila. An haife shi wajen 1544, ya rasu a 1631. Sana'arsa dakon kaya da wasiƙu tsakanin Kambirij da Landan. Ban da wannan yana da barga ta dawakin haya, waɗanda mujallar Spectator ta 1712 ta ce sun kai 40. Galibin masu hayar ɗaliban jami'a ne, samari masu son sukuwa, kuma kowa ya san yadda akan yi da dokin da ba na mutum ba. Duk wanda ya zo sai ya nuna ingarma, har nagartattun suka rame, sauran suna tsaye a turke suna cin banza.

Sai Hobson ya kafa doka. Dokin da ya dawo daga tafiya a ɗaure shi can ƙurya, wanda ya fi daɗewa yana hutu ya matso bakin ƙofa. Mai haya, ko ɗan wane ne, ya ɗauki na bakin ƙofa, ko kuwa ya tafi a ƙasa. A ganina adalci ne ga dabbobin, ko da yake sunan mutumin ya zama na tilas a bakin Turawa. An sami maganar a rubuce tun 1660.

Ashe ke nan babu mugayen abubuwa biyu a cikinta. Abu ɗaya ne tak aka miƙa, aka sa masa rigar zaɓi. Bature yakan faɗe ta idan mai gida ya ce wa ma'aikaci ya karɓi albashin da aka yanka ko ya ajiye aiki, ko idan ɗan takara ɗaya kaɗai aka tsayar. Yanzu har wasu Turawa kan yi amfani da ita wajen tsaka mai wuya, amma masu kula da harshe suna ɗaukar haka kuskure. Malamin da ke neman kwatankwacinta gara ya saurari 'yan kasuwarmu sa'ad da ciniki ya ƙi: "In ka ga dama ka ɗauka, in ba ka gani ba ka bari."