Zance

zance (suna, namiji, jam'i: zantuka)

1. Magana tsakanin mutane.

2. Ziyarar da saurayi ke kai wa budurwa gidansu domin su fahimci juna kafin aure. Bisa al'ada yakan zo bayan la'asar ko isha'i, ya aiki yaro ya yi masa sallama da ita. Sukan zauna a zaure ko ƙofar gida, inda idon jama'a yake, ƙanwarta ko ƙawarta na kusa. In zuwa ya yawaita, iyayenta sukan ce ya turo magabatansa.

Misali: *Yaya ya tafi zance unguwar su Binta.*

Duba: taɗi, toshi.